Fim Ɗina da Kwat ɗin Lauya

Gara in ba ku labarin nan da bakina, don in kuka bari maƙwabtana suka riga ni, sai sun ƙara masa abin da ban yi ba, alhali wanda na yi ma ya ishe ni.

Ni mai wanki da guga ne. Shekara ashirin da biyu ina sana'ar nan a shago ɗaya, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, da teburin da ƙafarsa ta hagu ke tsaye a kan bulo. Duk layinmu babu mai kirana da wani suna sai Mai Guga, ban kuma taɓa jin haushi ba. Mai jin haushin shi ne ɗana na fari, wanda tun yana makaranta ake ce masa Ɗan Mai Guga. Shekara biyu rabonsa da taka shagona. In muka haɗu a titi, sai ya tuna yana da saƙo a waya. Ga shi kuma kawunsa ya samo masa aiki a wani gari mai nisa, saura mako shida ya tafi.

Wata Asabar na kai labulayen gidan kallo da na goge, na tarar ana nuna fim. Wani uba ne 'yan daba suka kashe masa ɗa, ya saka baƙar kwat da baƙin tabarau, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya gudu, ba ya ɗaga murya. Sai ya kunna sigari, ya faɗi magana guda, mutum ya faɗi. Na tsaya a baya da labulaye a kafaɗa, na hango ƙeyar ɗana a layin gaba. Da aka gama ya buga cinya, ya ce wa abokinsa, "Kai! Wannan shi ne uba!"

Maganar ta soke ni har cikin ciki. Mai hankali zai koma shago ya haɗiye ta da ruwa. Ni sai na zarce bencin mai aski, inda mazan layinmu ke taruwa, na ce, "Wannan shi ne fim ɗin da ake ta zuzutawa? Wallahi a mako uku sai in yi wanda ya fi shi."

"Kai ɗin?" in ji Mahauci.

"Ni ɗin."

"Da dutsen guga za ka harbe su?"

Aka kwashe da dariya. Na ce su yi ta yi, ranar da aka fara neman hotona a kasuwa kada wanda ya ce ya san ni. Kafin in tashi na raba wa kowa matsayi. Mahauci, saboda faɗin ƙirjinsa, shi ne Oga, shugaban 'yan daba. Mai aski da mai faci su ne yaransa. Mai Hoto, wanda shekara goma ke nan yana ɗaukar bidiyon biki, ya ce kyamararsa tana nan a zaune ranakun aiki. Ni kuwa, ba sai an tambaya ba, ni ne uban. Har suna na raɗa wa fim ɗin a wurin: Uba Ya Fusata.

Matata ta saurare ni har ƙarshe tana tsintar shinkafa, sannan ta ce, "Malam, kai da ɓera ya shiga kwandon wanki ka hau tebur?"

"Kayan mutane nake karewa."

"Daga kan tebur. To, su 'yan daban naka, tsirara za su fito? Na ga na fim duk da kwat suke yawo."

Na yi murmushin da na ga mutumin fim ɗin yana yi. Na ce, "Mace, kin manta wa kike aure? Duk wata kwat mai daraja a unguwar nan, a hannuna take kwana."

Ta ajiye tiren. "Kayan mutane?"

"Aro ne. Awa biyu, in wanke, in goge, in mayar. Wa zai sani?"

Ta kalle ni irin kallon da take yi wa madarar da ta fara tsami. Amma ita ce ta shawo mini kan yaron. Na ji ta ta labule tana cewa, "Ba magana za ka yi ba. Kashe ka za a yi, ka kwanta. Kwanciya ai ita ka fi ƙwarewa a kai." Ya ce to, amma da sharaɗin kada a ɗauka a gaban abokansa.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da sana'ata. Duk kayan da aka kawo, nakan rubuta mai shi da ranar karɓa a 'yar takarda, in maƙala da fil a bayan kwala. Tun ranar da na ba wani liman wandon ɗan ƙwallo na rantse ba na cire takardar nan sai kaya sun bar hannuna. Saboda haka da muka zo shiri, na ɗauko baƙar kwat ɗin Lauya na saka, na ba Mahauci jar kwat mai maɓallan zinariya ta mai tsaron ƙofar otal, na rataya labulayen otal ɗin a bayan shagon mai faci ya zama fadar Oga, na kuma gargaɗi kowa: wanda ya taɓa mini takardar kwala, ni da shi ne.

Ranar farko muka fara da sace yaro. Mahauci zai fito daga lungu ya shaƙo ɗana ya ja shi. Mai Hoto ya kafa kyamara, ya ɗaga hannu ya ce, "To, kowa ya kalli nan. Murmushi! Ɗaya, biyu…"

"Wane irin murmushi?" na ce. "Sace mutum za a yi!"

"Yi haƙuri, sabo ne."

Aka sake. Mahauci ya fito da wuƙar katako, ya yi gurnani, ya cafko yaron. Gaskiya abin ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa. Tsohuwar da ke gidan kusurwa, wadda babu wanda ya tuna ya sanar da ita, ta fito da muciya tana kururuwa, "Jama'a! Mahauci ya haukace! Zai yanka Ɗan Mai Guga!" Kafin mu buɗe baki ta sauke masa uku a gadon baya. Shugaban 'yan daba ya saki wuƙa ya zagaya bayan wata mota yana cewa, "Iya, wasa ne! Iya, tambayi ubansa!"

Ta juyo kaina. "Kai ne uban? Kana tsaye da tabarau ana jan ɗanka?"

"Iya, sai an kashe shi tukuna nake fusata."

Ni ma na samu ɗaya a kafaɗa. Abin da ya fi damuna shi ne muciyar da ɗan danshi, ta bar tabo a kwat ɗin Lauya.

Kwana uku bayan haka muka shiga faɗa. A nan ne na gano cewa ba zan iya ganin kaya sun yamutse in yi shiru ba. Mai aski zai kawo mini naushi, in kauce, in kama shi mu yi kokawa, sai idona ya sauka a kan gwiwar wandonsa.

"Tsaya! A dakata!"

"Me kuma ya faru?"

"Karin wandon ya mutu. Cire."

"A tsakiyar faɗa?"

"Da sunana za a nuna fim ɗin nan. Ba za a ce 'yan daban Mai Guga sun fito a yamutse ba."

Haka muka riƙa yi. Naushi biyu, guga ɗaya. Akwai ranar da Mahauci ya yi minti arba'in a bakin titi ɗaure da tawul yana jiran wandonsa, mata masu zuwa sayen nama suna gaishe shi suna kau da kai. Tun da ake fim a duniya, ban jin an taɓa ganin 'yan daba masu sitaci irin nawa. Mai faci ma ya kasa lanƙwasa hannu ya zaro bindiga.

Bindigar kuwa ta katako ce, mun shafe ta da baƙin man takalmi. Duk wanda ya riƙe ta sai tafinsa ya yi baƙi, don haka na hana kowa taɓa jikinsa bayan ya riƙe. Sai ga 'yan daba suna yawo da hannuwa a sama, yatsu a ware, tun kafin a ce su miƙa wuya. Sigari ma na gwada. Zuƙa ɗaya na yi, tari ya turnuƙe ni har tabarau ya faɗa kwata.

Duk yamma sai in kwashe kayan in wanke in goge. Lauya ya zo karɓar kwat ɗinsa ranar Talata, na ce wuta ce babu. Ya dawo Alhamis, na ce tabon da ya kawo ta da shi mai taurin kai ne, sai an bi shi a hankali. Ya ce shi bai san ta da tabo ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa kake lauya nake mai guga." Har godiya ya yi mini.

Babbar rana ita ce ranar ramuwa. A filin bayan shagona muka shirya, inda igiyoyin shanyata suke. Zan tako a hankali, Oga yana durƙushe, in ɗora masa bindiga a goshi in ce, "Ka taɓa ɗan da ba a taɓawa." Kwana huɗu ina maimaita maganar nan a gaban madubi. Unguwa ta taru, har kan katanga. Na tako. Na cire tabarau. Na ɗora bindiga. Mahauci ya ɗago ido yana rawar leɓe, don shi ma ya fara jin daɗin abin. Na buɗe baki ke nan, sai ɗigon ruwa ya sauka a hancina.

Ban san lokacin da na yar da bindigar ba. "Kaya! Jama'a, kaya! Ruwa!" Na ruga igiya na fara fizgar zanen gado. Zanen otal goma sha biyu ne a shanye, sun kusa bushewa. Na waiwayo na daka wa Oga tsawa, "Kai kuma kana durƙushe kana kallona? Kama can!" Ya tashi ya kama. Muka ninke zanen gado ni da wanda ya kashe mini ɗa, shi da gefe ni da gefe, muna matsowa muna haɗa hannu.

Da ruwa ya tsaya na ce wa Mai Hoto ya yanke wannan wurin. Ya ce, "Ba komai."

Saura abu guda: mutuwar yaron. Ita ya kamata mu fara ɗauka, amma kullum sai ya ce gobe. Sai ana saura kwana goma ya tafi ya yarda. Na ba shi farar rigar Hedimasta, mai dogon hannu, wadda yake sakawa ranar taron iyaye. Jini kuma na haɗa da tumatirin gwangwani. Mai Hoto ya leƙa kyamara ya ce ya yi kama da miya, a ƙara masa ja. Mai faci ya kawo wani jan ruwa a kwalba ya ce da shi yake rubuta allon shagonsa.

"Zai fita kuwa?" in ji Mahauci.

Na ce, "Tabon da zai gagare ni ba a ƙirƙiro shi ba tukuna." Na tuttula.

Yaron ya kwanta a inuwar katanga, ya ja hula ya rufe kunnuwa. Ashe abin sauraren waƙa ya cusa a ciki. Ni kuma na hango aljihun kwat ɗina ya tattare, na koma shago na goge. Kafin in dawo an yi rabin awa. Yaron da ko a gida sai an yi da gaske ake tashinsa, barci ya kwashe shi, mu ba mu sani ba.

Mai Hoto ya ce, "Ɗaya, biyu, uku." Na taho da takuna na manya. Abin da zan yi shi ne in tsaya a kansa, in dubi sama, in rantse sai na shafe zuriyar wanda ya yi wannan. Na iso. Na dube shi.

Yana kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa, baki a ɗan buɗe, ƙuda yana yawo a kan jan da ke ƙirjinsa bai kore shi ba. Na kira shi a hankali, bai motsa ba. Ni na zuba jan nan da hannuna, na sani sarai, amma idona bai yarda ba. Na durƙusa kusa da shi. Sai na tuna lokacin da yake jariri, uwarsa na asibiti, ina kwantar da shi a bahon wanki a kan tawul ɗin mutane ina guga ina leƙensa, har nake ce masa ɗan baho. Maganar ramuwa ta gudu daga kaina. Na kore ƙudan. Na ga kwalar rigar ta lanƙwashe a wuyansa, na miƙar da ita, na shafe ƙurar da ke goshinsa da hannun kwat ɗin Lauya. Hawaye suka yi ta zuba, na kasa tsayar da su.

"Ka ɓata," in ji Mai Hoto. "Ba ka faɗi maganar ba."

Na miƙe ina share fuska, na ce ƙura ce ta shiga idona, ya goge wannan ɗin gaba ɗaya. Ya ce, "Ba komai." Muka tashi yaron da ƙyar. Ya yi hamma ya ce, "An gama?"

Rigar Hedimasta kuwa, na jiƙa, na cuɗa, na sa sabulu kala uku. Jan nan ya zauna daram. Na ɓoye ta a ƙasan kwando na ce masa ba ta bushe ba.

Sai shirin nunawa. Na kama gidan kallo ranar Asabar da yamma, na sa aka buga katin gayyata. Da na zauna rubuta sunayen manyan baƙi, na tarar ban san wasu manya ba in ban da masu kawo mini wanki. Na rubuta Lauya, na rubuta Hedimasta, na rubuta Mai Otal, wata mata mai kaifin ido wadda ke ƙirga zaren tawul. Na ce a ba su kujerun gaba.

Matata ta duba takardar ta ce, "Malam, waɗannan za ka gayyata?"

"Su ne masu daraja."

"Su zo su kalli fim ɗin?"

"To, rawa za su zo yi?"

Ta miƙo mini takardar. Ta ce, "Ni dai a ajiye mini kujera kusa da ƙofa."

Ban kalli fim ɗin kafin ranar ba. Mai Hoto ya ce ya haɗa komai tsaf, na yarda. Abin da ban yi tunani ba shi ne, mutumin nan a biki ya koyi aiki, inda in ka yanke ko da gwaggon amarya tana atishawa, sai an zo har gida an yi maka rashin mutunci. Bai taɓa yanke komai ba a rayuwarsa. Kuma yadda abu ya faru, haka yake jera shi.

Gidan kallo ya cika maƙil. Na hango ɗana can baya, jingine da bango, ya ja hula. Na tashi na yi jawabi, na ce yau za su ga abin da uba ke yi in an taɓa masa ɗa. Aka ja labule, aka kunna.

Sai ga furanni suna zubowa daga saman allo, kurciyoyi biyu suka ɗauko sunan fim ɗin a baki, ga kiɗan rakiyar amarya. Fuskar Mahauci ta fito a cikin zanen zuciya. Dariyar farko ke nan. Daga nan aka shiga muciyar Iya, da tarina, da Oga ɗaure da tawul, da muryata ina cewa, "Cire wandon." Mutane suna riƙe ciki. Wani ya ɗaga murya daga baya, "Wai ramuwar me yake yi? Ga ɗan nasa can yana wucewa da burodi!" Aka duba, ga shi kuwa a bayan fage, da ransa da lafiyarsa.

Ina zufa ina cewa a raina dariya ma ai karɓuwa ce. Sai na lura layin gaba ba sa dariya.

Lauya ya gyara gilashinsa ya sunkuyo. "Mai Guga."

"Ranka ya daɗe."

"Kwat ɗin can tana mini kama da wata da na sani."

"Baƙaƙen kwat ai duk kamarsu ɗaya, ranka ya daɗe."

"Har da maɓallin da matata ta canza a hannun dama?"

"Masu ɗinki suna kwaikwayon juna."

Da an tsaya nan, wallahi da na tsira, don shi kansa ya fara shakka. Amma a daidai lokacin ne na juya wa kyamara baya a fim ɗin, don in yi tafiyar nan ta jarumai. Mai Hoto, wanda ya saba matso da kyamara kan sarƙar amarya, ya hango wani abu fari yana lilo a wuyana, ya matso da shi har ya cika allo. Rubutun hannuna ne, kowane harafi ya kai girman kan yaro. Gidan kallo gaba ɗaya suka karanta da baki ɗaya, kamar 'yan aji:

"Lauya. Kwat ɗaya. Talata. Kada a sa sitaci."

Lauya ya miƙe tsaye. "Talatar da ka ce babu wuta!"

"Ai da gaske babu, shi ya sa muka fita waje…"

"Labulayena!" Mai Otal ce ta zabura. "Na ɗaki na huɗu! A shagon faci? Kuma wancan ƙaton, kwat ɗin mai gadina ce a jikinsa?"

Mahauci ya zame ƙasan kujera. Sai wuri ya rikice, kowa ya matso gaban allo yana neman nasa. Wannan ya ce ga wandonsa a jikin mai aski, wancan ya ce ga hularsa. Wata ta ce tawul ɗin da Mahauci ya ɗaura nata ne, ta kuma rantse ko kyauta ba ta son sa. Da aka zo wurin ruwan sama, ni da Oga muna ninke zanen gado, rabin mutane suna zagina, rabi sun faɗi ƙasa don dariya. Na nemi matata, na ga kujerar kusa da ƙofa babu kowa.

"Ni tambaya ɗaya gare ni," in ji Hedimasta, a natse, yadda yake yi kafin ya ɗauko bulala. "Ina rigata?"

Allon ne ya amsa. Ga yaro kwance, ga farar riga, ga ja ya malale daga ƙirji har ciki.

"Rigata!" ya ce. Ya ɗaga yatsa zai ci gaba, sai ya tsaya.

Domin ga ni nan na durƙusa. Mai Hoto ya matso da kyamara har kan fuskata, babu fure, babu kurciya, ko kiɗan ma ya ƙare. Ana ganin haɓata tana rawa. Ana ganin hannuna yana korar ƙuda, yana miƙar da kwala. Aka kuma ji abin da ni kaina ban san na faɗa ba: "Tashi mana, ɗan baho. Tashi, ga Baba."

Gidan ya yi tsit. Iya mai muciya ta ja hanci da ƙarfi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don wancan na tabarau da suka yi wa dariya ba ni ba ne, wannan kuwa ni ne. Na waiwaya baya a hankali. Ɗana ya cire hula, yana tsaye ya ƙura wa allon ido. Sai muryarsa ta fito a fim ɗin, da hamma: "An gama?" Wuri ya sake fashewa da dariya. Kafin a buɗe labule yaron ya fice.

Kada ku ɗauka hawaye sun cece ni. Washegari tun da safe aka yi layi a ƙofar shagona, kowa ya kwashe kayansa, jiƙaƙƙe da busasshe. Mai Otal ta tafi da zannuwanta ko sallama babu. Lauya ya shinshina kwat ɗinsa a gabana ya ce warin sigari take. Yara suna wucewa suna cewa, "Uba ya fusata! Kaya, jama'a, kaya!" Kafin azahar igiyoyina sun zama fayau. Na zauna ni da rigar Hedimasta a baho, muna kallon juna.

Inuwa ta tare ƙofa. Na ɗaga kai, ɗana ne. Ya shigo, ya dubi teburin da bulon da ke ƙarƙashinsa, ya naɗe hannun riga.

"Baba, fenti ne fa. Sabulu ba zai yi ba. Ina kananzir?"

"Wa ya gaya maka?"

"Kai. Ina aji uku."

Kwana uku muna kan rigar nan, shi yana cuɗa ni ina ɗauraya. Ba mu yi maganar fim ba ko sau ɗaya. Ja ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma wani abu da sai ka kai ta rana za ka gani. Shi ya ɗauka muka kai tare. Hedimasta ya ɗaga ta, ya juya, ya dube mu, ya ce in ya sa kwat a kai babu mai lura, amma in na ƙara yin fim, a gaya masa da wuri ya ɓoye kayansa.

Ranar tafiya yaron ya miƙo mini rigar da zai saka ya ce in goge masa. Na yi mata gugar da ban taɓa yi wa ta Lauya ba. Na ɗauka zai bi ta lungu zuwa tasha kamar kullum, sai ya miƙi babban titi, ni a gefensa ina riƙe da jaka. Daga bencin mai aski Mahauci ya ƙwala, "Ɗan baho, sai yaushe?" Na jira ya ciro waya ya sunkuyar da kai. Sai ya ɗaga masa hannu.

A tasha, bayan ya samu kujera, ya leƙo ta taga ya ce, "Na sa Mai Hoto ya tura mini fim ɗin a waya. Ba duka ba, wuri ɗaya."

Kun san hali ba ya barin mai shi. Na gyara tsayuwa na ce, "Inda na ɗora wa Oga bindiga ko? Ai na san wurin ya yi kyau, ba don ruwan nan ba…"

"A'a, Baba," ya ce. "Inda ka ɓata."

Direba ya tada mota. Na tsaya ina ɗaga hannu har suka sha kwana. Wata mata da ke kusa ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata ƙura ce.